Malam, tsoron nan nawa rashin tawakkali ne?

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni mai sauraron shirinka ce daga unguwar Birni a nan Damagaram, ƙosai nake toyawa da safe a ƙofar gida.

Ɗana na fari (ka yi mini uzuri, ba na kama sunansa) soja ne. Yau wata bakwai ke nan da aka tura su yankin Difa. Tun abin da ya faru a Inates a Disambar 2019, da aka kashe sojoji 71 a rana ɗaya, ko kaki na hango sai gabana ya faɗi, sai ga shi nawa ya saka. Wayata kullum tana cikin lalita a ƙuguna. Shekaranjiya ina tsakiyar tuya baƙuwar lamba ta kira. Na ƙura wa wayar ido, hannuna na rawa, na kasa ɗauka, har ƙosan ya ƙone a kasko, yara na ta "Inna, Inna!" Ashe mai auno mini wake ne daga kasuwar Dole ya canza layi.

Ba addu'a ce ba na yi ba. Hasbunallahu wa ni'imal wakil ba ta barin bakina, ina tashi cikin dare, ranar Juma'a ina ba almajirai sadaka. Amma ina shafa addu'a tsoron na nan zaune a ƙirjina kamar dutse. Abokiyar zamana ta ce wanda ya dogara ga Allah ba ya kuka, wai mugun fata nake yi wa yaron. Maganar ta tsaya mini a rai. To amma a tafsirin azumi na ji labarin mahaifiyar Annabi Musa a Suratul Ƙasas: Allah da kansa ya yi mata alkawarin mayar mata da ɗanta, duk da haka ta kusa tona asirin, ba don ya ɗaure mata zuciya ba. Annabi Yakubu kuma baƙin ciki ya sa idanunsa suka yi fari. Su ma za a ce imaninsu ne ya yi rauni?

Ga abin da ya sa na rubuto. Wata maƙwabciya ta kai ni wurin wani mutum, ya ce in kawo jaka 25 da baƙin bunsuru ya haɗa wa yaron layar da harsashi ba ya hudawa. Raina bai kwanta da shi ba, ko sallama bai amsa da kyau ba. Amma ina da jaka 18 na adashi a ƙulle, kuma maigidana bai sani ba. In na ƙi, wani abu ya faru, yaya zan yi da raina?

Malam, kukana laifi ne? In je ko in fasa? Don Allah ka amsa a shirin wannan mako, mutumin ya ce ranar Asabar zai yi tafiya.

Wata uwa daga Birni, Damagaram.