Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, kan matan da cikinsu ya tsufa suna zaman jiran naƙuda

Assalamu alaikum ranka ya daɗe,

Da fatan kana lafiya da kai da iyali, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya taimaka. Ni dai ba likita ba ce, ba kuma 'yar siyasa ba, uwa ce mai 'ya'ya uku a raye da ɗaya a ƙasa. Yanzu haka da nake rubuta maka wannan wasiƙa ƙarfe ɗayan dare ta gota, ƙanwata na kwance kusa da ni ta kasa barci, ta juya nan ta juya can, ta tashi fitsari ya fi sau biyar. Goyon ciki ta zo gidan Innarmu, cikin fari ne, kuma lissafin katin awonta ya nuna sati 40 da kwana 4. Ƙafafunta sun kumbura silifas ma ba ya shiga, zoben hannunta sai da muka sa sabulu kafin ya fita.

Ranar Talata na raka ta awo ƙaramin asibitin da ke kusa da mu. Muna idar da sallar asuba muka fita amma mun tarar da katuna an riga an jera su a kan benci, kowacce ta ɗora dutse a kan nata kar iska ta kwashe. Mata cike da rumfa wasu a zaune a ƙasa sun shimfiɗa hijabi, ma'aikata biyu kacal. Aka yi laccar lafiya aka yi waƙa aka tafa, sai wajen sha biyun rana layi ya zo kanmu. Abin awon jini ya lalace, in an busa iskar zurarewa take yi, nas ɗin ta gwada sau biyu ta ajiye. Tsinken gwajin fitsari wai ya ƙare tun wancan watan. Ta dai lallatsa cikin, ta kara wannan ƙahon da suke sauraren bugun zuciyar jariri da shi, cikin hayaniyar mata da kukan yara, ko minti ɗaya ba a yi ba ta ce lafiya lau yake, ki koma gida sai naƙuda ta zo.

Wallahi ban ga laifin baiwar Allahn nan ba, tun safe ko ruwa ban ga ta kurɓa ba kuma bayanmu akwai wasu da yawa. Amma maganar nan tata ta dake ni a ƙirji, don ita ce aka faɗa min shekara shida da suka wuce, kalma da kalma.

Ni ma lokacin na wuce watana. Na koma gida kamar yadda aka ce, na zauna jira. Sai na ji motsin ya ragu, yaron da ke shurina har sai na riƙe gefen gado ya koma sai can ba a rasa ba ya ɗan taɓa ni. Na faɗa, tsofaffi suka ce ai haka ne, in haihuwa ta kusa ɗa hutawa yake yana tara ƙarfi, aka jiƙo min maganin zaƙi aka kawo rubutu na sha. Ba da mugunta suka yi ba, abin da suka sani ke nan, kuma babu wanda ya taɓa faɗa mana saɓanin haka a wurin awo. Kwana biyu ina wannan hali kafin muka tafi babban asibiti, aka ɗora min na'ura a ciki aka yi ta yawo da ita, likitan ya yi shiru, ya kira wani ya zo ya duba, shi ma ya yi shiru. Ranka ya daɗe na yi naƙudar kwana guda cur na haifi ɗa namiji cikakke, da gashinsa da farcensa, aka naɗe shi a zanen da na saya don ranar suna. Na yarda da ƙaddara, kwanansa ne ya ƙare. Sai dai daga baya wata likita ta zaunar da ni ta yi min bayani, ta ce mabiyiya ma tsufa take yi, in ciki ya wuce sati 41 ba ta ciyar da ɗa kamar da, ruwan ma yakan ragu, kuma ɗa mai lafiya ba ya daina motsi don haihuwa ta matso, duk ranar da motsi ya ragu ranar ake zuwa asibiti ba gobe ba. Wannan bayanin bai ɗauke ta minti uku ba. Shi nake ta tunanin me ya hana a yi min shi tun a rumfar awo.

Na san ka fi ni sanin duk wannan. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce awo huɗu bai isa ba, a mayar da shi takwas, kuma in ka duba jerin yawancinsu a ƙarshen ciki suke, sati 30, 34, 36, 38, 40, sannan in an kai 41 ba a haihu ba a dawo a tayar da naƙuda. Saboda a nan ne hawan jini ke shigowa ba sallama. Mace na zaune lafiya sai ciwon kai, sai gani ya yi dishi-dishi, sai fuska ta kumbura, kafin a ankara jijjiga ta kama ta a ce aljanu ne a tafi neman mai ruƙiya. Alhali da an auna an ga jinin ya kai 140 bisa 90, an tsoma tsinke a fitsari an ga alama, da tuni an san abin yi, allurar magnesium sulphate mai hana jijjiga kuwa ba wata tsada gare ta ba. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2023 mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, wato kusan mata 200 kullum. Mu nan Arewa ba sai an karanta mana ba, mu ne masu zuwa gaisuwar.

Mun ji sanarwar da ka yi a watan Nuwamban 2024 cewa za a riƙa yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta, da shirin nan da ya ware ƙananan hukumomi 172 inda mutuwar ta fi yawa. Mun yi murna ƙwarai, Allah ya saka da alheri, don mun ga mazan da suka sayar da babur ko akuyar gida a ƙofar tiyata. To amma ranka ya daɗe ɗakin tiyata yana can ƙarshen hanya, sai an gane akwai matsala tukuna za a tura mace can, kuma ganewar a ƙaramin asibiti ake yinta, inda abin awon jini ke zurar da iska.

Abin da nake roƙo ba gini ba ne, mun gaji da ganin sabon fenti da ƙofa a kulle. Kuɗin nan na asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta tanada, a sa ido a ga cewa duk asibitin da ake awo yana da abin awon jini mai aiki har da na ajiya, da tsinken fitsari da ba ya yankewa, da 'yar na'urar hannun nan mai batir da ke fito da bugun zuciyar jariri kowa ya ji. Uwa ta ji da kunnenta, ka san abin da wannan ke yi wa zuciyar macen da ta kwana tana lissafin motsi? Sannan a ware wa masu tsohon ciki layinsu daban, wadda ta shiga sati 36 bai kamata ta bi layi ɗaya da mai wata huɗu ba. A rubuta mata a kati da Hausa, ba da turancin likitoci ba, ranar da za ta dawo in naƙuda ba ta zo ba, da alamomin da ba a kwana da su: jini, fashewar faya ba naƙuda, ciwon kai mai tsanani, zazzaɓi, raguwar motsi. A faɗa wa maigida da uwar miji ma, don sau da yawa su ke da ikon cewa a tafi ko a bari gari ya waye.

Sai maganar dare, wadda ita ta fi hana ni barci. Naƙuda ba ta san ƙarfe huɗu an tashi aiki ba. Kai ne ka jagoranci hukumar lafiya matakin farko lokacin da aka fara shirin tura ungozomomi karkara a 2009, ka san amfanin da ya yi, ka kuma san yadda ya lalace da aka daina biyansu a kan lokaci. A dawo mana da ungozoma mai kwana a asibiti, a biya ta, a ba ta wurin kwana da tsaro da wutar sola, kar ta karɓi haihuwa da fitilar waya a baki. A farfaɗo da tsarin nan da direbobin ƙungiyar sufuri ta NURTW ke ɗaukar masu naƙuda cikin gaggawa, a rubuta lambar direba a bayan kati. Mu yanzu wani mai adaidaita sahu maƙwabcinmu muka roƙa ya riƙa kwana da wayarsa a kunne, na ba shi kuɗin mai ya ajiye.

Jakar haihuwa na nan bakin ƙofa tun sati uku, safar hannu, auduga, leda, reza, zannuwa, duk abin da aka rubuto mana mun saya. Jiya na kai ta kemis aka auna jinin da kuɗinmu, ya ɗan hau amma bai kai inda ake tsoro ba, gobe ma za mu koma. Gata take cika sati 41, kuma na riga na faɗa wa Inna da mijinta cewa ko naƙuda ta zo ko ba ta zo ba ranar babban asibiti za mu, ba zan ƙara zama jira ba. Ita tana da yayar da ta riga ta sha wuya ta koya. Matan da muka bari a rumfar nan ranar Talata su nake roƙa wa, akwai wata yarinya da ba ta wuce shekara sha bakwai ba, fuskarta a kumbure suntum, ita ma an ce ta koma gida.

Yanzu ƙanwata ta kamo hannuna ta ɗora a cikinta, ya motsa sau biyu, alhamdulillah.

Allah ya ba ka ikon duba wannan kuka namu, ya sauki duk mai ciki lafiya.

Wassalam,
wata uwa daga Arewa