Babana, kafin ka je Elmina

Assalamu alaikum Babana,

Da fatan kana lafiya, ya karatu, ya kuma zaman Cape Coast ɗin. Mu nan gida duk lafiya lau, Hajiya ce dai ƙafar ta ɗan motsa mata amma da sauƙi Alhamdulillahi. Jiya Ummanku take ce min wai kai da abokanka za ku je Elmina, tsohon gidan tsare bayin nan na bakin tekun Ghana, ranar da ba ku da lakca, har ka yi mata alkawarin hotuna, shi ne na ce bari in zauna in rubuto maka a tsanake, don a waya kullum sai netwok ya yanke ban kai inda nake so ba.

Ban hana ka zuwa ba, ni ma so nake ka je, daga inda kake ai bai kai tafiyar rabin awa ba a mota. Sai dai ba wurin shan iska ba ne. Ni na je sau ɗaya tal, lokacin ina harkar goro tsakanin Kumasi da Kano, mai masaukina ne ya ja ni, kuma wallahi har yau in na tuna warin ɗakin da aka tsare mata a ciki sai abinci ya fita raina.

Daga nesa za ka hango ginin fari tas a bakin teku, ga igwa jere a kan katanga, ga bishiyar kwakwa, sai ka ce gidan sarki. Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482, kuma da farko zinariya suka zo nema, sunan Elmina ma daga nan ya samo asali, su kuwa mutanen wurin Edina suke ce wa garin. Mutanen Holan suka ƙwace shi a 1637, daga kan tudun da ke fuskantarsa suka yi ta sakar masa wuta, shi ya sa da suka ci sai suka gina wani ƙaramin sansani a kan tudun don kar wani ya yi musu irin abin da suka yi, yana nan za ka gan shi. Ingila ta karɓa a 1872. Duk wannan mai zagayawa da ku zai faɗa, kuma zai nuna muku ɗakin da Turawan Ingila suka ajiye Prempeh sarkin Asante a 1896 kafin su fitar da shi daga ƙasar.

Abin da nake so ka tsaya a kai shi ne ƙasan ginin. In an shiga da ku ɗakunan bayi kar ka yi sauri, kar ka bi ayari kana latsa waya. Duba kaurin bangon, duba 'yar kafar da iska ke shiga, ka ƙiyasta mutane cunkushe a nan wata da watanni suna jiran jirgi, nan ne makwanci nan ne bayan gida. A tsakar gidan mata ka ɗaga kai, akwai baranda a sama inda gwamna yake tsayawa ya zaɓi wadda yake so, a ƙasa kuma ga dunƙulen harsashin igwa da aka ce da shi ake ɗaure wadda ta ƙi, a bar ta a rana. Akwai wani ɗan kurkuku da aka zana ƙoƙon kan mutum a saman ƙofarsa, wanda aka jefa ciki ba ya fitowa da rai. Mu da muka shiga sai mai zagayawa da mu ya ja ƙofar ya rufe, bai fi minti ɗaya ba, amma na ji numfashina yana neman ɗaukewa, wata mata da ta zo daga Amurka ta fashe da kuka, ni kuwa ba abin da bakina ke iya faɗa sai innalillahi. Kuma duk wannan ga coci a cikin gidan, ana ibada a sama mutane na mutuwa a ƙasa.

Daga nan sai ƙofar da in an fita ba dawowa. Siririya ce ƙwarai, mutum ɗaya ma sai ya karkace. Roƙona Babana, kar ka yi selfi a wurin nan kana dariya, ko abokanka sun yi kai ka ja gefe. Yadda kake natsuwa in mun je maƙabarta, to haka.

Akwai kuma maganar da ba lallai a gaya muku ba, ni zan gaya maka. Kar ka fito kana cewa aikin Turawa ne su kaɗai. Bature yana bakin teku, wa yake kawo masa mutanen daga cikin ƙasa? Kakanninmu fatake da ake yabo da tafiya Gwanja, kasuwar Salaga suke sauka, kuma a wannan kasuwar ba goro kaɗai ake ciniki ba, har da mutane, wasu a yi arewa da su wasu a gangara da su kudu ta hannun Asante. A Assin Manso, kan hanyar Kumasi, akwai rafin da ake yi musu wankan ƙarshe kafin a kai su bakin teku. Ko bayan an hana cinikin ma, daga 1831 zuwa 1872 Holan ta kwashi mutum wajen 3,000 ta nan Elmina ta kai su tsibirin Java, a Indonesiya ta yau, aikin soja, da yawansu bayi ne 'yan arewa da aka samo a Kumasi, waɗanda suka dawo suka zauna a unguwar da har yau ake kira Java Hill. Da Ingila ta tashi yaƙar Asante a 1873 zuwa 1874 kuma da sojojin Hausawa ta tafi. Ka ga ke nan muna cikin labarin nan ta ko'ina, a cikin masu saye, a cikin waɗanda aka sayar, a cikin masu riƙe bindiga. Ni da na ci abinci da goro shekara da shekaru, wannan abu ya daɗe yana damuna, kuma ban so ka girma kana jin daɗin rabin labari.

To in kun fito kar ku faɗa mota ku gudu kamar yadda baƙi ke yi. Ka tsaya a kan gadar da ke gaban ginin, inda ruwan Benya ke haɗuwa da teku. Za ka ga jiragen masunta ba iyaka, manya manya, an sassaƙa su daga itace guda an yi musu fenti ja da kore da rawaya, kowanne da tutarsa da rubutunsa, wani addu'a wani habaici, kamar dai yadda direbobinmu ke rubutu a bayan gingimari. Da safe in jirage suka shigo wurin ya kaure, mata da manyan kwanonin silba a ka suna ciniki da ƙarfi, samari na jan taru suna waƙa, can baya kuma hayaƙi ne ke tashi inda ake banda kifi. Akwai ƙarni, akwai caɓi, kar ka toshe hanci a gabansu, abincinsu ke nan kuma da shi suke biya wa 'ya'yansu makaranta kamar yadda nake biya maka.

Fanti ne mutanen, kuma suna da sarkin masunta kamar yadda muke da Sarkin Ruwa a Argungu. Ka yi sallama, ka gaida manya, da hannun dama za ka miƙa kuɗi ka karɓi kaya. Kar ka ɗauki kowa hoto sai ka tambaya, sun gaji da masu zuwa suna ɗaukarsu kamar kayan kallo. Kar kuma ka tsallake taru in an shimfiɗa ana ɗinki, ni na yi haka cikin rashin sani wani dattijo ya yi min faɗa sosai, sai da mai masaukina ya ba shi haƙuri, daga baya kuma shi ne ya zaunar da ni ya nuna min yadda ake ƙulla idon tarun. Ranar Talata ba sa shiga teku, al'adarsu ce, don haka in kifi ɗanye kuke son gani ku zaɓi wata rana. Bikinsu na Bakatue ma Talatar farko ta watan Yuli ake yi, in ka riske shi ka yi kallo daga gefe, abin da ya shafi tsafi ba ruwanka da shi amma kar ka zagi na kowa.

In ka samu dattijo mai sakin fuska ka tambaye shi ya kamun bana. Za ka ji kukansu a kan manyan jiragen waje da ke kwashe ƙananan kifi, da tsadar man inji, ka saurara da kyau, wannan ma karatu ne.

Teku kuwa na haɗa ka da Allah kar ka shiga. Iyon da ka koya a Tiga ba shi ne wannan ba, ruwan nan ja yake ta ƙasa, kuma Ummanku ba za ta yi barci ba in ta ji. Ka ci dokunu, tuwon masararsu da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi da yajinsu, ka biya ba tare da dogon ciniki ba, in azahar ta yi ka tambayi zango za a nuna maka masallaci. Ku kamo hanya kafin magariba.

Na tura maka ɗan abin da za ka biya kuɗin shiga da na mota, ragowar ka sayo wa Hajiya kifi banda in za ka zo hutu, a naɗe shi da kyau don kar ya ɓata maka kaya. In ka dawo ɗaki ka kira ni, ni ba hoto nake jira ba, bakinka nake so in ji. Ƙannenka duk suna gaishe ka.

Allah ya yi maka albarka, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Mahaifinka