Amsa ga Sarkin Magina kan koya wa kwamfuta azara

Ranka ya daɗe Baba Sarkin Magina,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ranar Juma'ar da ta gabata, a zauren Hakimi, lokacin da na nuna zanen soron makarantar allon da za a gina a ƙauyenmu na ƙasar Ringim, kun tambaye ni a gaban jama'a ko kwamfutar nan ta san azara, ko kuwa kankare kaɗai aka koya mata. Taro bai bar ni na yi bayani yadda ya kamata ba, shi ya sa na rubuto amsar inda kowa zai karanta.

Gaskiyarku ce, ba ta san ta ba. Manhajar Revit da nake zane da ita, wadda kamfanin Autodesk na Amurka ya mallaka tun 2002, tana zuwa da ginshiƙan kankare da na ƙarfe da katakon inji, amma babu azara a rumbunta, babu tubalin ƙasa, balle bakan gizo, wato ɗaurin azara mai lanƙwasa da ke ɗaukar rufin soro. Sai dai ta ba mai zane damar ƙera nasa kayan ginin, wanda take kira famili, ya sa masa awon da ke sauyawa da girman ɗaki, ya ajiye shi don sauran ayyuka.

Wannan damar na yi amfani da ita. Na auna azarar da ke jingine a ƙofar gidanku, tsawonta da kaurinta, na kuma shigar da tazarar da kuke bari wajen jera ta, ta yadda idan aka ƙara tsawon ɗaki adadinta zai ƙaru da kansa, a san nawa za a saya kafin a je kasuwa. Abin da na fi ba muhimmanci shi ne iyakar da magina suka gada, cewa azara ba ta ɗaukar rufin ƙasa ita kaɗai idan faɗin ya wuce kimanin mita 1.8. Na rubuta wannan a cikin lissafinta, duk wanda ya ja ta fiye da haka sai jan gargaɗi ya fito masa. Ba don haka ba, yaron da bai taɓa taka ƙasar gini ba zai zana azara mai mita huɗu, ta yi kyau a takarda, ta karye a kan almajirai.

Amma akwai abin da manhaja ba za ta gani ba. Ba ta bambance azarar namijin giginya mai tauri da wadda ba ta ƙosa ba, kuma ba ta san nauyin rufin da ya sha ruwan Agusta ba. Mu da muka ga gidajen ƙasa suna zubewa a Jigawa a ambaliyar 2022 bai kamata mu ɗauki zane a matsayin shaidar ƙarfi ba, don haka hukuncin yana hannunku da na injiniya.

Bakan gizo ne ya gagare ni har yanzu. Zana lanƙwasarsa abu ne mai sauƙi, amma yadda ake ɗora azara bisa azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure a lulluɓe da ƙasa, irin aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a Masallacin Juma'a na Zariya, wannan sai a wurinku. Ina roƙon ku ba ni izinin tsayawa kusa da ku da abin awo idan kun fara ɗaurin wannan soro bayan kaka.

Naku cikin ladabi,
Ɗanku mai zanen gini