Malamai a fito da yaranmu su kalli sama

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka.

Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi kira ga malaman makarantunmu na Nima da Mamobi da Sabon Zango. Mu fa yanzu sai lokacin neman watan azumi ko na Sallah muke ɗaga kai sama, shi ma yawancinmu waya ce a hannu muna jiran sanarwa daga ofishin Babban Limami Sheikh Osman Nuhu Sharubutu. Yaro ya balaga bai san taurarin nan Kaza da 'ya'yanta ba, bai san Zara ba, alhali kakanninmu da suka yi fataucin goro tsakanin Kano da Salaga sun san su da suna. Wallahi abin yana ci mini rai.

Kuma Allah ya yi mana gata a nan Accra, muna kusa da layin da ya raba duniya biyu, don haka taurarin arewa da na kudu duk muna samunsu. Fitilu ne da hazon hunturu ke rufe mana, amma daren da aka yi ruwa gari ya washe, ko ranar da dumsor ta ɗauke wutar unguwa, hau bene ka gani. Ba sai da babbar na'ura ba, ƙaramin madubin hangen nesa irin mai ido biyun nan ya isa, ka dafa gwiwar hannu kan katanga don kar ya yi rawa, ka saita wata a daren bakwai ga wata daidai inda haske ya haɗu da duhu, za ka ga ramuka da duwatsu har da inuwarsu. Ka juya kan Mushtari, duniyar nan mai haske kamar tauraro da Turawa ke kira Jupiter, za ka ga ɗigo-ɗigo a jere kusa da shi, watanninsa ne guda 4 da aka fara gani tun 1610, gobe in ka dawo sun sauya wuri. Zarar nan ta magariba ma ita ce Gamzaki na asuba, duniya ce mai zagaya rana kamar tamu. Rana dai kar a kuskura a kalle ta da madubin, tana makantarwa nan take.

Wanda ya ga kusufin 29 ga Maris 2006 da gari ya yi duhu da hantsi ya san yadda yara suka dinga tambaya, mu manya muka rasa ta cewa. Ga Kuntunse can hanyar Nsawam, akwai na'ura mai kama da faranti mai faɗin mita 32 da aka ƙaddamar a 2017 don sauraron sararin samaniya, 'ya'yan zango nawa aka taɓa kaiwa?

Roƙona kowace makarantar Islamiyya ta haɗa kuɗi ta sayi madubi ko guda ɗaya ne, a ware dare ɗaya a wata bayan isha'i, a gayyato dattawan unguwa su faɗi sunayen taurarin tun suna raye, a kuma nemi izini a ɗauki trotro a kai yaran Kuntunse.

Naka mai karatu,
daga Nima, Accra