Maganar jif ɗin da kake son saye

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya ruwan Fatakwal? Mu nan Kano har yanzu zafi muke sha. Shekaranjiya na leƙa gidanku na gaida Hajiya, tana nan ƙalau in ban da ciwon ƙafar nan, kuma ta ce in gaya maka waya ta ishe ta haka, ido take son ta sa maka.

Na ga hotunan Lexus RX300 ɗin da ka turo. Ta yi kyau, fenti sai ƙyalli. Ka ce in faɗa maka gaskiya tunda na riƙe irinta shekara huɗu, shi ya sa na ƙi amsa maka a waya, na ce bari in zauna in rubuta, don na san halinka, in dillali ya fara zuba maka zance mantawa kake da duk abin da aka ce maka.

Fara da lissafin shekarunta. An yi wannan samfurin daga 1998 zuwa 2003, daga nan RX330 ta gaje ta. Ke nan ko autarsu ce ka samu, ta haura shekara ashirin. Ƙarfe yana jure wannan, amma roba da waya ba sa jurewa. Duk wani tiyo, duk wani bushin, duk wani gasket da ke jikinta ya tsufa tare da ita. Lambar da ke kan mita kuma kada ta ruɗe ka. Yawancinsu daga Amurka aka kawo su, da mil suke ƙirga tafiya, mil ɗaya kuwa ya ɗara kilomita ɗaya da rabi, ga shi mayar da mita baya ba wani aiki ba ne a wajen masu yi. Ka duba lalacewar kujerar direba da robar fedar burki, su ba sa ƙarya.

Injin nata mai silinda shida ne, lita uku, irin wanda ke cikin Sienna da Highlander da babbar Camry na zamanin. Wannan alheri ne, don kayansa ba sa wuya, a nan kasuwar Ƙofar Ruwa duk abin da na nema ina samu. Inji ne mai laushi, amma ba ya yafe wasa da baƙin mai. In mai ya daɗe ba a juye ba sai ya daskare a ciki kamar kwalta, ya toshe hanyoyinsa, wata rana kana tafe sai ka ji inji ya buga. Matsalar ta yi ƙamari a Amurka har kamfanin ya ɗauki nauyin gyara wa mutane a 2002. Don haka kafin ka yi ciniki, buɗe murfin zuba baƙin mai ka haska da tocilan wayarka. In ka ga baƙin abu ya yi dunƙule-dunƙule, yi musu sallama. Sannan ka tambayi yaushe aka canja tayimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita aikin inji, don ƙa'idarsa mil 90,000 ne. Ba za su sani ba. Ka ɗauka ba a canja ba, ka sa kuɗinsa da na famfon ruwa cikin kuɗin mota.

Bari in ba ka labarin da har yau in na tuna sai raina ya sosu. Wata Juma'a na ɗauko iyali za mu Zariya biki. Mun wuce Kwanar Dangora sai wutar cek, mai nuna inji na da matsala, ta kama, mota ta ƙi shiga giya ta huɗu. Inji na ta kururuwa, gudu babu, allurar mai kuwa kana ganin saukarta da ido. Haka muka lallaɓa. Washegari wani bakanike ya zagaya da ita sau ɗaya, ya dawo ya kashe, ya goge hannu da tsumma ya ce, “Alhaji, giyabos ya tafi, sai dai a ɗora wani.” Har na fara tunanin filin da zan sayar. Allah ya taimake ni wani yaro mai gyaran waya a garejin ya ce a sa mata kwamfuta tukuna. Ashe wasu 'yan na'urori biyu ne da ke sauraron bugun inji, suna can tsakiya a ƙarƙashin bututun iska, zafin shekaru ya gasa wayarsu ta ƙeƙashe. Da zarar motar ta daina jin su sai ta hana kanta giyar ƙarshe don ta kare inji. Waya ce da ba ta kai tsawon hannu ba, sai dai kafin a kai gare ta an kwance rabin saman inji, yini guda cur.

Ba wai giyabos ɗin nata ba ya mutuwa ba ne. Yana mutuwa, musamman na farko-farkon masu ja da ƙafa huɗu, kuma shi ne gyara mafi tsada a jikinta. Zaro sandar man giya ka shinshina. Ja ya kamata ya kasance, in ya yi baƙi yana ƙauri to an riga an ci rabinsa. Man giyarta nau'in T-IV ne, kada ka yarda a zuba mata kowane jan mai don an ce duk ɗaya ne. In za ka gwada ta, ka yi tafiya mai nisa har ta ɗau zafi, don da sanyin safiya kowace mota mutuniyar kirki ce.

Abin da ya fi kashe motocin nan a wajenmu, in ka bi diddigi, hannun masu gyara ne. A cire abin da ke daidaita zafin inji a jefar, wai na ƙasar sanyi ne. A haɗa fanka kai tsaye. A cika lagireto da ruwan rijiya har ya yi tsatsa. A canja fulogi ukun gaba a bar ukun baya, saboda suna maƙale ta jikin dashbod, hannu ba ya kaiwa sai da wahala, kai kuma ka biya kuɗin shida. Ni sai da na koma tsayawa a kansu da kujerata. Ka kuma sa a leƙa salansa, don sau da yawa an yanke abin tace hayaƙin nan da suke kira indomi an sayar.

Sai mai. Lokacin da na saye ta lita ba ta kai naira 200 ba, ban ma damu ba. Aka cire tallafi a Mayun 2023, cikin kwanaki ta kai wajen 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Tawa a cikin gari, da na'urar sanyi a kunne, da ƙyar take ba ni kilomita bakwai a lita. Kai da kake mafarkin shigowa da ita gida da Sallah, Fatakwal zuwa Kano ya fi kilomita 1,000, ka tanadi lita ɗari da wani abu zuwa kawai, ban da dawowa. Kayan gyara su ma dala suke bi, tayoyinta huɗu kaɗai sun isa su cinye albashi.

Kada ka ce na kushe ta. Wallahi ranar da na sayar da ita sai da na ji ba daɗi, don ban taɓa hawan motar da ke shanye rami kamarta ba, kuma hanyar ƙauyenmu da damina ita kaɗai ke shiga. Amma in kuɗin da ke hannunka iyakar na sayenta ne, ka haƙura ka nemi Corolla. In kuwa za ka iya ajiye kamar kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta a gefe don shekarar farko, kuma kana da bakanike ɗaya da ka yarda da tsoron Allahnsa, to bismilla.

Tunda garinku na ruwa ne, ɗaga kafet ka taɓa ƙasansa, ka shinshina, kada a haɗa ka da wadda ta kwana a ambaliya. Takardun kwastan ma ka tabbatar da su da kanka, hanya ce mai shinge da yawa za ka biyo. Ka turo min hoton cikin murfin man nan da lambar jikinta kafin ka ba dillali ko sisi.

A gaida uwargida, a shafa min kan yara. Ka kira Hajiya.

Naka amini,
daga Kano