Rahoton shekara na ƙungiyarmu, don Allah kowa shi karanta

Assalamu alaikum iyaye da malamai. Taron wata-wata an yi shi, fuskokin da kunka sani su ne dai kullum.

Abin da ya yi armashi bana shi ne zaman da munka yi kan canjin yanayi da karatun yara, wallahi ranar tabarmi sai da aka aro daga maƙwabta, mata sun fi maza yawa, ga ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maradi suna ta rubuta abin da ake faɗi. Munka ce musu in bincike za su yi, su fara da ƙidaya kwanakin karatu da yaro ke rasawa a shekara. A 2024 ambaliya ta sa gwamnati ta ɗaga komawa lakwal daga 2 ga Oktoba zuwa 28, wasu azuzuwan ma waɗanda ruwa ya rushe wa gida ne ke kwana ciki. Ajin kara kuwa kun san halinsa, sai an girbe hatsi a samu karan kafawa, ruwan farko yana zuba karatu ya tashi, kuma ba mu manta gobarar Nuwamba 2021 da ta ci yara sama da 20 a garin nan cikin irin ajin ba. Wata malama ta ce in bazara ta kama, rana na yin tsaka yara sai kifa kai bisa tebur saboda zafin kwano, ko kira suna ka yi da ƙyar ake amsawa. Wani baba daga wajen Madarunfa ya ce a duba shekarar da damina ta yi gardama wa ake fara cirewa daga lakwal, shi dai yarinya yake gani ana turawa talla.

To sai abin da bai ƙare ba. Ajin bulo da muke ginawa yana nan tsaye ba rufi, masu cewa biro, wato kwamitin ƙungiya, ya yi barci su zo su duba littafin ma'aji, fiye da rabinku ba ku biya kotizasiyo, wato kuɗin ƙungiya, ba, mason kuma ba ya aiki da Allah shi saka. Bedin da munka dasa awaki sun cinye mafi yawa, kuɗin shinge ne babu, masu alƙawarin ban ruwa ko sau ɗaya ba mu gan su ba. A WhatsApp kowa gwani ne wajen shawara.

Ni na gaji da bin gida-gida. Mai bashi shi kai wa ma'aji kafin taro mai zuwa, in an samu na kwano a rufa ajin kafin ruwa.