Tsamin jiki sabo yake ji, ba ƙwaya ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ɗan ba ni fili kan wata gardama da muka kwana biyu muna yi a filin ƙwallon unguwarmu. Wani cikin yaran da nake horarwa ya kafe wai saurin wartsakewa bayan tirenin halitta ce, wanda Allah ya ba ya ba, wanda bai samu ba sai ya haɗa da kemis. Ni ko na ce masa halitta na da nata, shekaru ma na da nasu, ban musa ba, amma jiki yana koyo.

Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ai ya san zancen nan. Ranar farko ta noma ka yini a sunkuye ba ka ji wani abu can ba, sai washegari, balle kwana na biyu, ka zo ruku'u ka ji kaman an ɗaure maka bayan cinya da igiya, tsugunno a bayi ma sai ka dafa bango. Bayan sati guda gonar nan dai ce, fartanyar nan dai ce, amma ka tashi garau. Abin da ke faruwa, aikin da tsoka ba ta saba ba yana mata 'yan ƙananan raunuka da ido ba ya gani, tsamin ya fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72, in ta gyara kanta sai ta fi jure irin wannan aikin, kuma sabon yakan kai makonni har watanni bai gushe ba. Irin wannan aikin fa na ce, don manomin nan in ka sa shi wasan minti 90 shi ma sai ya kwana yana nishi. Laktik asid kuwa, sinadarin nan da ke taruwa a tsoka in aiki ya yi tsanani, wanda ake ta ɗora wa laifin tsamin jiki, cikin kaman awa guda jiki ya gama da shi, ba shi ke hana ka tsugunno ran jibi ba.

Zuciya ma haka. Ka yi gudu, da tsayawarka ka ƙirga bugunta, bayan minti ɗaya ka sake ƙirgawa, ka rubuta. In ka yi wata biyu kana fita za ka ga ta fi saurin sauka. Mutum a zaune tasa na buga 60 zuwa 100 a minti, masu gudun dogon zango kuwa akwai masu 40 da 'yan kai. Ko zafin Afrilu jiki na sabawa da shi cikin sati ɗaya zuwa biyu, gumi ya riƙa zuwa da wuri.

Inda nake faɗa da yaran nan shi ne barci. Mutum ya fito gidan kallo sha ɗayan dare, ya rungumi waya har biyu, shida na safe yana fili ko koko bai sha ba, sannan ya ce wai shi jikinsa ba ya warwarewa da wuri. To da me zai warware? Gyaran nan sai da barci da tuwo da ruwa. Maimakon haka sai tiramol da diclofenac, alhali su rufe ciwon kawai suke yi, kuma irin su diclofenac a jikin da ya ƙafe ba ruwa ƙoda suke taɓawa. Tiramol ɗin ma, wato tramadol, WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni, ta hana shi a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024, duk mai mafarkin buga wa babban kulob ya sani.

Bara wani yarona ya yi wata biyu yana jiran shago bai zo ba, ranar da ya dawo don kar a ce ya yi sanyi ya shiga gasar tsallen kwaɗo da abokansa a bayan idona, ya sha ƙwaya ya ƙara washegari. Kwana biyu sai ga babansa a ƙofar gidana, wai fitsarin yaron ya koma kalar baƙin shayi. Kwana huɗu ya yi a asibiti ana ƙara masa ruwa, likita ya ce tsoka ce ta farfashe abin ya bi jini ya sauka a ƙoda. Allah ya taƙaita. Yanzu ya dawo fili, zagaye biyu nake ba shi in ce ya zauna, yana ta ƙunƙuni wai na raina shi.

Na gode.
Mai horar da yara ƙwallo, daga Zariya.